Warin da Ya Tashi a Teburin Iro

"Ɗaga wannan cinyar in gani," in ji Madam Hilda, duba-gari, tana toshe hanci da hankici.

Iro ya ɗaga, ransa a ɓace. Shekara ashirin yana fawa a wannan 'yar kasuwa ta Shamaki ba a taɓa dawo masa da nama ba, yau ga wadda ko wuƙa ba ta iya riƙewa ba ta zo koya masa bambancin sabo da kwantai. Da asuba aka yanka saniyar nan. Amma wari dai akwai shi, irin na mushen da ya kwana uku, ga korayen ƙudaje sun yi dafifi. Idan matar nan ta ce naman ya lalace, kananzir za a kwarara wa rabin saniya a gaban jama'a, kuma daga ranar babu mai sake tsayawa a teburinsa.

Shi kuwa ya san inda warin yake fitowa. Wata biyar ke nan da Hudu, wani ƙanjamammen tsoho mai maganin gargajiya, ya shimfiɗa buhunsa dab da teburin. Iro ya raina mutumin nan raini na ƙarshe. Likitan awaki yake kiransa, ba ya amsa sallamarsa, kuma in ya wanke faranti, wajen buhun yake watsa ruwan. Cikin tarkacen tsohon akwai karan masallaci, wani kauri-kaurin tsiro mai ruwa da ya dasa a fasassun robobi, masu ciwon suga da ciwon ciki suna saya su tauna ɗanye. A makon nan abin ya yi fure, 'yan baƙaƙe-baƙaƙe, su ne masu wannan ɗoyi.

"Madam, ba namana ba ne," Iro ya ce. "Furen shukar wancan tsohon ne."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Fure ne yake warin mushe? Baba, ni za ka mayar yarinya?"

"Wallahi zo ki shinshina da kanki!"

Ta bi shi tana tsaki, 'yan kallo na biye da su. Hudu na zaune ya tanƙwashe ƙafa, yana goge reza da gefen rigarsa. Robobin na jere a gabansa, kararen sun miƙe kore shar, babu fure ko ɗaya. Iro ya durƙusa. A kan kowane kara akwai sabon yanka, ruwa na tsattsafowa. An yanke furen kaf.

"Malam Hudu," ya ce, karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa, "don Allah gaya mata gaskiya. Ina furen?"

"Wane fure, Alhaji?" Hudu ya tambaya a hankali. "Ni me na sani? Kai ne mai babbar sana'a."

Madam Hilda ta sunkuya ta shinshina roba ɗaya, ba ta ji komai ba sai ƙasa. Ta miƙe ta yi wa ma'aikacin da ke biye da ita riƙe da galan ɗin kananzir alama da hannu. Iro ya yi rantsuwa, ya nuna yankan, ya kira maƙwabta shaida, amma waɗanda suka saba taya shi dariyar tsohon duk suka kawar da kai. Yana tsaye aka tsiyaye galan guda a kan cinya da ƙirji da hanta, har tozon da ya ware wa wani mai gidan abinci a unguwar Barunde.

Bayan an watse ya zauna a kan benci, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai. Sai ya ji takun silifa. Hudu ne, ya ajiye kara ɗaya, wankakke tas, a gefen teburin.

"Ka riƙa taunawa kaɗan-kaɗan," ya ce. "Da ɗaci, amma yana kashe yunwa. Za ka buƙace shi a makon nan."