Motoci Uku da Wutar Daji

Ranar Lahadin da wutar ta zo, muna kan tebur a gidan Baba ana gardamar mota. Ba sabon abu ba ne. Shekara goma sha tara ke nan da na auri Royce, ban taɓa ganin ya zauna cin abinci da yayana Wendell sun tashi ba su taɓo maganar a-kori-kura ba. Royce ɗan gani-kashe-nin motar Ford ne, haka ya gada daga ubansa. Wendell kuwa ƙirar Ram yake hawa, ƙatuwa baƙa mai shan dizal, wadda in ya tayar da ita sai kofunan kicin sun yi rawa. Babanmu Orval yana da tsohuwar Chevy fara da ya saya tun ina sakandare, da ita yake kai wa shanu dusa kowace safiya.

"Suruki, miƙo waken nan," in ji Wendell, "in dai hannunka bai yi laushi ba. An ce kujerar motarka har tausa take yi maka."

"Tana yi mana," in ji Royce. "Da tausar na jawo tirelar ciyawa daga Dalhart har nan, ko gumi ban yi ba. Kai taka ai ƙara ce zalla, sai ka ce jirgin ƙasa ya shigo tsakar gida."

"Ƙarar ƙarfi ce, malam. Taka ta gudu ce a kan kwalta. Tawa ka ɗaura mata gidan nan daga tsaye, ta kai maka shi Oklahoma."

"To gobe mu haɗa su da sarƙa, baya da baya, mu ga wadda za ta ja wata."

Baba ya ajiye cokalinsa. "Ku biyun nan, fitila ɗaya ta kama a gaban sitiyari sai kun nemi mai kwamfuta. Ni da sifana da filaya nake lallaɓa tawa, ga ta nan har yau." Ya juyo gare ni. "Twila, ke fa?"

Na ce ni duk wadda ƙafata za ta kai ga birkinta, ita ce tawa. Suka yi dariya.

Tun asuba iska take kaɗawa daga yamma, irin wadda take fizge ƙofar mota daga hannun mutum. Wata biyar rabonmu da ruwan sama, ciyawa ta bushe ƙamas har gwiwa. Duk mun san abin da hakan yake nufi a arewacin Texas.

Wayata ta yi ƙara. Nelda ce, maƙwabciyarmu da ke mil huɗu gabas da mu.

"Twila, kuna gidan babanku? Ku fita! Wuta ce, ta riga ta tsallake babban titi. Kada ku bi ta can, an rufe. Ku zo gonar alkamata, na buɗe ƙofar shinge."

Muka fita baranda a guje. Rabin sama ta yamma ya zama ruwan ƙasa, kuma ba tashi sama hayaƙin yake yi ba, kwance yake a kan ƙasa yana tahowa wajenmu. Rana ta koma ja. Na ji ƙaurin ƙuna a maƙogwarona.

Baba ya daɗe yana kallo. Shekararsa saba'in da takwas, ya ga wuta ba ɗaya ba, ba biyu ba. Da ya buɗe baki sai na ji muryarsa ta canja.

"Ba mu da fiye da rabin awa."

A garken da ke bayan gida akwai karsana goma sha biyu masu tsohon ciki. Sauran shanun, tamanin da wani abu, suna makiyayar yamma, can ɓangaren da wutar take. Royce bai jira kowa ba, ya ja motarsa da baya ya ɗaura tirelar shanu. Baba kuwa sai ya nufi tsohuwar motarsa yana ɗingishi.

Wendell ya sha gabansa. "Ina za ka, Baba?"

"Shanun ba sa bin kowace mota sai wannan. Odarta kaɗai suka sani."

"Na sani. Ba ni makullin."

"Wendell..."

"Da wannan gwiwar za ka sauka ka yanke waya? Ba ni, Baba."

Ya zare makullin daga hannun Baba, ya wurgo mini nasa. "Ki tafi da shi. Kada ki ji tsoronta, Twila, ki taka kawai." Ya shiga Chevy ɗin da ya sha yi wa dariya, ya nufi yamma. Muka ga farin jikinta ya shige cikin hayaƙi.

Loda shanun a tirela ya ci mana lokaci fiye da yadda muke da shi. Sun ji ƙaurin, sun ruɗe, ɗaya ta ture Royce ya faɗi a kan ƙofar ƙarfe. Kafin mu rufe tirela toka ta fara sauka a kanmu, wata da sauran wuta a jikinta. Na shiga gida da niyyar ɗauko hotunan marigayiya Mama, na tsaya tsakiyar falo na rasa abin da na zo yi. Maganin Baba kawai na ɗauka na fito.

Tunda titi a rufe yake, hanya ɗaya ta rage zuwa gonar Nelda: ta cikin makiyaya, a tsallake wani busasshen rafi mai yashi. Royce yana gaba da tirela, ni da Baba muna binsa a motar Wendell. Ban taɓa tuƙa ta ba. Na jawo kujerar gaba iyakarta, duk da haka da yatsun ƙafa nake taɓa totur. Duk lokacin da na kalli madubi, hayaƙin ya ƙara kusowa, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani jan layi mai tsalle.

"Daina kallon baya," in ji Baba.

A bakin rafin Royce ya ƙara wuta don ya wuce da gudu. Motar ta haye, amma tirelar da nauyin karsana goma sha biyu ta nutse cikin yashi har gindin tayoyi. Na ga tayoyin motarsa huɗu suna watsa yashi, tana ƙara zama. Ya fito yana riƙe da kai.

"Na kashe mu!" ya yi ihu. "Twila, na kashe mu!"

"Rufe mana baki, ɗauko sarƙa!" Baba ya daka masa tsawa. Ya juyo gare ni. "Zagaya ta hagu, wajen duwatsun can ƙasa tana da tauri. Ki haye ki dawo da baya gabansa."

Na yi yadda ya ce, ban san ta yaya ba. Royce ya kwanta a ƙasa yana ɗaura sarƙar, Baba yana tsaye a tsakani da hula a hannu. Yanzu ba ganin wutar kawai muke yi ba, jin ta muke yi. Wani irin ruri ne mai kauri, ba ya tsayawa, har cikin ƙirji kake jin sa. Shanun suna kuka suna dukan ƙarfen tirela. Wasu barewa uku suka wuce ta gefen Baba a guje, ko kallonsa ba su yi ba.

Baba ya leƙo ta taga. "Sa ƙaramar giya. A hankali har sarƙar ta miƙe. Kada ki fizga, in ta tsinke kan mijinki za ta cire."

Na taka a hankali. Na ji sarƙar ta miƙe, motar ta tsuguna tana gurnani, babu abin da ya motsa. Hayaƙi ya rufe mu, na daina ganin Royce a madubi. Na fara addu'a da ƙarfi, ban ma san me nake cewa ba.

"Yanzu! Taka duka!"

Na zame daga kujera na danna totur da dukkan ƙarfina. Royce ma ya taka tasa. Motocin biyu suka yi ruri tare, wani abu ya yi ƙara kamar zai karye, sai na ji nauyin ya biyo ni. Taku ɗaya, taku biyu, sannan muka haye. Baba ya faɗo cikin mota yana tari. Ba mu tsaya kwance sarƙar ba, haka muka ci gaba a ɗaure da juna har mil biyu, ina gaba ina laluben hanya da fitilu a kunne da rana tsaka.

Alkamar Nelda koriya ce shar, ba ta kai tsayin idon sawu ba, wuta ba ta da abin ci a cikinta. Muka kai tsakiyar gonar muka tsaya kusa da motarta. Ba mu yi minti biyar ba wutar ta iso. Ta rabu biyu ta zagaye gonar, tsayinta ya fi na gida. Gilashin taga ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Duhu ya rufe ko'ina, garwashi yana dukan rufin mota kamar ƙanƙara. Na kwantar da kai a cinyar Baba kamar ƙaramar yarinya, shi kuma ya rufe mini fuska da hularsa.

Da haske ya fara dawowa na kira Wendell. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Na sake kira, na sake. A karo na biyar ko shiga ba ta yi ba.

Royce ya riga ya kwance sarƙa ya sauke tirela. Fuskarsa baƙa ƙirin, sai idanu. "Yallaɓai, ka zauna da Nelda," ya ce wa Baba. Baba kuwa sai ya buɗe ƙofar motar Royce ya shiga. Mu uku muka koma ta inda wutar ta wuce.

Ƙasar da na sani tun ina rarrafe ta zama baƙa daga nan har iyakar gani. Turakun shinge suna ci da wuta ɗaya bayan ɗaya. Muka wuce inda gidan Baba yake, babu abin da ke tsaye sai bututun murhu da injin wanki. Baba bai juya ya kalla ba. Royce yana ta danna oda, ni kuma na fitar da kai ta taga ina kiran sunan yayana har muryata ta dishe.

A bakin shingen yamma muka ga motar Baba. Ba fara ba ce kuma. Tayoyin sun narke, gilasai sun zube, ƙofar direba a buɗe. Royce ya tsaya nesa kaɗan.

"Twila, kada ki sauka."

Ya tafi shi kaɗai. Ina kallon bayansa, ina kallon yadda ya tsaya kafin ya leƙa ciki. Baba ya riƙe hannuna har ya yi mini ciwo. Sai Royce ya juyo ya girgiza kai, ya ɗaga hannuwa biyu. Babu kowa a ciki.

An yanke wayar shingen a wuri biyu, ga sawun shanu birjik sun bi ta gurbin. Muka bi sawun. Can ƙasan gangare akwai famfon ruwa da iska ke juyawa, da babban kwamin ƙarfe da shanu suke shan ruwa. Baba ne ya fara ganin wani abu ya motsa a bakinsa.

Wendell yana zaune cikin ruwan har wuya. Gashin kansa da girarsa sun ƙone. Ya ɗaga hannuwansa sama da ruwan, da na gan su sai na kau da kai. Ya gaya mana daga baya cewa ya sauka ya yanke wayar, ya kora shanun suka wuce, da ya juyo sai ya tarar wutar ta shiga tsakaninsa da motar. Da hannu ya kare fuskarsa ya ratsa ta zuwa kwamin.

Royce ya shiga ruwan da takalmansa ya ciccibo shi. Wendell yana rawar sanyi, haƙoransa suna haɗuwa. Ya nemi Baba da ido.

"Baba, motarka..."

"Yi shiru, ɗana."

Sati bakwai ya yi a asibitin masu ƙuna a Lubbock. Yatsu biyu na hannun hagunsa ba su sake lanƙwasawa ba. Cikin shanun da ya kora, hamsin da ɗaya sun kai ga wata gonar da aka huɗe, sun tsira. Sauran, washegarin wutar ni da Baba da Royce muka bi su ɗaya bayan ɗaya da bindiga, waɗanda suke tsaye da ƙonannun kofato ba sa iya tafiya. Baba bai yarda wani ya harbe masa ko ɗaya ba, duk da hannunsa ya yi.

Baba ya dawo gidanmu da zama, a ɗakin da nake ɗinki. Kwana huɗu bayan wutar, karsana ta farko ta haihu a garken Nelda, Nelda ta kira mu da sassafe. Baba ya sa rigar Royce, don ba shi da tasa, hannuwanta sun yi masa tsawo. Na naɗe masa su, muka tafi.