Fuskar Savji a Fakon Gishiri

Da Nagji ya kashe babur a ƙofar bukka, tarin mahaifinsa ya fara ji kafin ya ga kowa. Tari ne mai tasowa daga can ƙasa, irin wanda ke barin mutum dafe da ƙirji. Ba haka ya bar shi ba a zuwansa na baya.

Mahaifiyarsa Jivi, wadda yake kira Ba, ita ce ta aika a kira shi daga garin Kharaghoda, inda yake ɗaukar hoton biki. Saƙon gajere ne: ya taho da kyamara. Nagji ya san abin da ake nufi. A wajensu, in mutum ya mutu, hotonsa ake ratayewa a bango, a sa masa sarƙar furanni, jikoki su taso suna ganin fuskar. Shi kuwa mahaifinsa Savji ya ƙare rayuwarsa yana jan gishiri, bai taɓa yarda ya tsaya gaban kyamara ba, ko da ta ɗansa ce.

"Ka iso, mai leƙen mutane ta rami?" in ji tsohon daga kan gadon igiya. "Wannan kyamarar ba ita ce ta da ba."

"Waccan ta mutu, Bapa. Wannan sabuwa ce. Wanda ya sayar mini ya ce ita ke yi wa kanta tunani."

"To, ta fi ka ke nan."

Jivi ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wa ɗanta gurasar gero da dakan tafarnuwa da baƙin shayi, ta juya ta shiga naɗa wa mijinta farin rawani.

Nagji ya so a ɗauka a cikin bukka, amma tsohon ya ƙi. Ya ce a bakin kwaminsa na gishiri za a ɗauke shi, da manjagararsa a hannu, gishirin na bayansa, kada jikoki su zaci ɗan kanti ne. Suka riƙe shi dama da hagu har wurin, suka zaunar da shi kan buhu. Rana ta take. Fakon fari fat har inda ido ya ƙare, sai bukkar maƙwabcinsu Lakhman can nesa tana rawa cikin kawalwalniya.

Nagji ya saita, ya danna, ya duba bayan kyamarar. Gishirin ya fito kamar toka. Rawanin ga shi, manjagara ga ta, amma tsakanin rawani da wuyan riga babu kowa, sai baƙin wuri kamar bakin tulu.

Ya sake dannawa. Haka. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya cire batir ya hura ya mayar. Haka dai. Bai ji zuwan Jivi ba sai da numfashinta ya taɓa kafaɗarsa.

"Ina fuskarsa?"

"Ba, kyamarar ce, ban gama saninta ba."

"Ta ɗauki rawani ta ɗauki manjagara, fuskar ce kaɗai ba ta sani ba?" Ta yi ƙasa da murya. "An riga an karɓe ta, Nagji. Jikin ne ya rage mana."

"Me kuke ƙus-ƙus?" in ji Savji. "Na fito da muni ne?"

"Ka yi kyau, Bapa. Kada ka motsa."

Tarin ya sake kama shi, ya daɗe bai sake shi ba. Da ya sauke ƙyallen daga bakinsa, sai ya dunƙule shi da sauri ya tura ƙarƙashin cinya. Nagji ya hango jini a jikin ƙyallen, ya yi kamar bai gani ba.

Tsohuwar kyamararsa da yatsu yake saita ta, ko idonsa a rufe. Wannan kuwa maɓallai ne birjik, littafinta da turancin da ba ya iya bi. Ya koma bukka da sassarfa ya ɗauki hoton tukunyar shayi: ta fito sarai, har da tsatsarta. Ya fito ya ɗaga tafin hannunsa a kan farin fili ya ɗauka: hannun ya fito baƙi ƙirin. Sai ya ji wani sanyi a ransa, ya nuna wa Jivi.

"Kin gani? Ni ma an karɓi hannuna ke nan? Farin ne ke ruɗa ta. Tana ganin haske ya yi yawa, sai ta runtse ido, kamar baƙo ranar da ya fara shigowa fako."

Ita dai ta kalli baƙin hannun ɗanta, ta kau da kai. Da ya sani bai nuna mata ba.

Ya yi ta lalube har ya samo wata 'yar ƙafa mai juyawa, da alamar ƙari a gefe guda, ragi a ɗayan. Ya murza wajen ƙari ya ɗauka. Fuskar ta fito, hanci da gemu da komai, amma gishiri da rawani da kwami duk sun narke sun zama fari ɗaya. Ya kai wa tsohon.

"Wannan ai kai ne rataye a sama," in ji Savji. "Ina gishirina? Ban mutu ba tukuna ka kai ni cikin gajimare."

Muryar ta ragu. Manjagarar ta fara karkata a hannunsa. Nagji ya gane zaman nan ba zai maimaitu ba. Abin da yake buƙata haske ne a fuskar kaɗai. Idonsa ya faɗa kan madubin da ke rataye a ƙofar bukka, wanda kowane gida ke ajiyewa a fako, inda waya ba ta kamawa. Da shi ake kiran juna: walƙiya kaɗan, gaisuwa ce ko neman aron abu, in kuwa ta ƙi tsayawa, to an yi rashi.

Ya ɗauko ya danƙa wa Jivi, ya gyara mata tsayuwa. "Ba, ki tara rana ki jefa masa a fuska."

"Nagji, madubi da tsakar rana?"

"Yanzu za a gama. Riƙe."

Ta riƙe, amma madubin ya ƙi zama wuri ɗaya. Hasken ya hau fuskar tsohon, ya zame ya wuce ta kafaɗarsa ya tafi cikin fili, ya dawo, ya sake zamewa. Nagji ya rage 'yar ƙafar kaɗan, yana dannawa yana dubawa, yana cewa ɗaga, sauke, tsaya nan. Sun daɗe a haka. Can sai ga shi: Savji da idanunsa da gishiri ya sa suka yi ja, da tsagar goshinsa, da tulin gishirinsa a baya, kowace ƙwaya a bayyane.

"Ya fito, Bapa! Ba, zo ki gani!"

Jivi ba kyamarar take kallo ba. Ta sauke madubin, ta zuba ido can bayan mijinta. Daga wajen bukkar Lakhman wasu baƙaƙen ɗigo sun fito, a jere, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa saboda kawalwalniya. Daga yamma ma ga wasu. Ba sauri suke ba. Na gaba yana ɗauke da dogayen gora biyu a kafaɗa, na makara.

Nagji ya juya wajen babur. "Bari in hau babur in tare su, in ce kuskure ne."

"Kawo in gani tukuna," in ji Savji.

Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya kare ta da inuwar rawaninsa, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka nake. Jivi, kin yi haƙuri." Ya miƙa wa ɗansa. "Wannan za ka wanke. Furannin kuma kada a sa na roba."

Sannan ya waiga a hankali ya kalli masu tahowa.

"Bar babur ɗin nan, ɗana. Hanyar da nisa, ga rana. Kada a sa su tafiya biyu. Jivi, ɗora shayi."

Jivi ta kife madubin a ƙasa, ta nufi murhu.