Ƙarar da Ke Cikin Motar Seini

"Sake tayar da ita," in ji Baba Buraima.

Seini ya tayar. Tsohuwar motar Austin ɗin ta yi tari ta kama, sai ga ƙarar nan, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Sati biyu ke nan tana hana shi sukuni. Makanikai biyu a unguwar garejoji ta Suame sun ce injin ya gama, har ɗaya ya samo masa mai sayen gangar jikin. Da motar yake jigilar fasinja daga tashar Kejetia, da ita yake ciyar da mutum bakwai. Yayarsa Kadijatu ce ta rantse ba za a sayar ba sai Baba Buraima, tsohon nan na unguwar Akwatialine, ya ji ta.

Baba Buraima ya gyara motocin soja a yaƙin Burma, amma yanzu yanar ido ta rufe masa gani, shekara uku ba wanda ya kawo masa ko keke. Ya lalubo bonet, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a kan injin, ya manna ƙotar a kunnensa. Ya matsa gaba, ya dawo baya.

"Da safe ta fi yi, ko in ta yi zafi?"

"Kullum, Baba."

"In kana hawa tudu da kaya tana ƙaruwa?"

Seini ya ce, "A'a. Ba wanda ya tambaye ni wannan."

"To, cire wayar fulogi ɗaya-ɗaya. Kama da tsumma, kada ta ja ka."

Seini ya cire ta farko, injin ya yi ɗingishi, ƙarar na nan. Haka ta biyu, har ta huɗu. Kadijatu, wadda ta bar tukunyar wake da shinkafarta a hannun maƙwabciya, ta kasa haƙuri.

"Baba, ta mutu ko?"

"'Yata, da ciwon a ciki yake, da ƙarar ta sauya murya. Kashe ta, Seini. Sassauta fambel, bel ɗin fanka, ka zare shi."

Seini ya zare bel ɗin. Da ya sake tayarwa, injin ya yi ta gurnani sumul, ba ƙwas ko ɗaya. Ya fito ya tsaya baki buɗe.

"Kashe maza, kada ta yi zafi." Tsohon ya cusa hannu, ya kama dainamo mai cajin batir ya girgiza. Ta yi lakwaf-lakwaf. "Ga ɓarawonka. Noti ɗaya ya faɗi, ƙarfen da ke riƙe da ita ya tsage. Kai wa maƙeri, kafin la'asar kana kan hanya."

Kadijatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi. Seini ya durƙusa ya riƙe hannun tsohon, baƙi ƙirin da mai.

Baba Buraima ya goge yatsunsa a hankali, ya karkata kai wajen titi, inda wata babbar mota ke hawowa.

"Ta wa ce wannan? Kullum da hantsi take wucewa."

"Ta Mamudu ce, mai ɗaukar goro," in ji Seini.

"Ka gaya masa ya kawo ta gobe," in ji tsohon. "Wata biyu ina jin ta, tana ba ni tausayi."