Littafi na Shida

Rhona Metcalfe mace ce da ba ta yarda da takarda mai tsabta ba. Shekara goma sha tara tana aikin barista a birnin Leeds na Ingila, ba ruwanta da shari'ar kisa ko ta saki, ita dai filaye, iyakoki, izinin gini da rigimar mutane da hukuma. A cikin shekarun nan ta lura gaskiya takan zo da tabon shayi a jikinta, gefe a naɗe, wani shafin ma ya yage. Takardar da ta zo fes ita ke sa ta gyara zaman tabarau.

Aikin Wilf Raine ya iso mata a cikin kwalin ayaba, daga hannun Desmond Ogden, lauyan karkara da ya saba kawo mata aiki. Wilf makiyayin tumaki ne a can saman kwarin Swale, shekararsa saba'in da ɗaya. Da aka karɓe gonar da yake haya, shi da matarsa Jean suka koma wani tsohon ɗakin ajiye ciyawa na dutse a ɗan filinsu, suka sa murhu da taga, suka mai da shi gida, ba su nemi izinin kowa ba. Jean ta rasu a shekara ta shida. Sai bara ƙaramar hukuma ta farga, ta aiko masa da takardar ya tashi. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa: in ya tabbatar wa sufeton da gwamnati za ta turo cewa ya yi shekara goma cur yana zaune a wurin ba yankewa, to hukuma ta makara, gida ya zama nasa. In shaida ta gaza, sai ya kwashe. Kuma a kwarin da 'yan birni suka saye kowane gida don hutu, babu inda zai samu sai ɗakin tsofaffi a cikin gari, mil ashirin daga tumakinsa.

Gidan ba lantarki, ba famfo, wasiƙunsa ma gidan maƙwabta ake kai su. Shaidarsa dai littattafai goma ne, ɗaya na kowace shekara. Kullum da safe Wilf yakan duba gwangwanin awon ruwan sama da ke bayan ɗaki, ya rubuta, ya ƙara da abin da ya faru a garke. An riga an miƙa wa sufeto kwafinsu, tare da rantsuwar Wilf cewa duk a lokacinsu ya rubuta su.

Tara daga ciki Rhona ta ji daɗinsu. Suna warin hayaƙi da maganin kaska, wani shafi da fensir, wani da jan biro, ga busasshen jini a watan haihuwar tumaki, ga kwana huɗu ko biyar da ba a rubuta komai ba don mutum bai ko runtsa ba. Na shida kuwa baƙin biro ɗaya ne daga Janairu har Disamba, hannu bai karkace ba, rana ɗaya ba ta tsallake ba. Rasuwar Jean layi ɗaya ce, a tsakanin awon ruwa da maganar wata tunkiya mai ɗingishi. Ta kai littafin hancinta, ba ta ji komai ba sai takarda.

Ta ɗauka ƙirƙirar lambobin ya yi, don haka ta nemo awon ruwan da hukumar yanayi ta ɗauka a garin da ke ƙasan kwarin. Lambobin Wilf suna bin su, amma kullum sun ɗan fi, yadda ya kamata ga wanda ke kan tudu. Ashe an duba gwangwanin da gaske. Sai dai wane ne ya duba?

Ta koma kan takardun shaidar da maƙwabta suka rubuta masa. Misis Calvert, wadda gonarta ke kallon ta Wilf, ta rubuta cewa tana ganinsa a kasuwar tumaki, tana ganinsa yana gyaran katanga, shekara bayan shekara. Da ta zo kan shekara ta shida sai ta ce hayaƙi bai taɓa fashin fita daga bututun gidan ba. Mai kawo wasiƙa, da kan wuce ta wurin, ya ce ƙofa a share take. Wani ya ce karen Wilf yana nan. Mutum biyar, babu wanda ya yi ƙarya, kuma babu wanda ya ce ya ga Wilf. Biri ya yi kama da mutum.

Ta kira Desmond. Ya saurare ta yana ta gyaran murya, ya ce mutanen kwari ba su iya rubutu mai tsawo ba ne, ya ce tsoho yana da damar sayen biro mai kyau sau ɗaya a rayuwarsa. Da ta tambaye shi ko ya san wani abu, sai ya ce, "Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Rhona, ki bar kaza cikin gashinta."

Ta san abin da yake nufi, kowa a aikinsu ya sani. Zargi ba sani ba ne. Muddin zato take yi kawai, tana iya tsayawa ta gabatar da littafin, sufeto ya yanke abin da ya gani. Amma ranar da wanda take karewa ya buɗe baki ya ce mata ƙarya ce, hannunta ya ɗauru: ko a gyara maganar a gaban sufeto, ko ta ajiye aikin. Baristoci da yawa sun ƙware a rashin tambaya, kuma suna barci lafiya. Abin da ya hana ta sakat shi ne wanda hukuma ta ɗauka, Piers Attwood, mutumin da ta taɓa gani ya wargaza shaida da kwanan watan da ke bayan hoto. In ya lura da abin da ta lura, zai bari Wilf ya yi rantsuwa tukun, sannan ya fere shi a gaban maƙwabtansa. Daga nan maganar ta wuce gida, ta zama ta rantsuwar ƙarya.

Ana gobe zaman sauraron ƙarar suka hau kwarin da rana, ita da Desmond, a cikin yayyafi. Wilf dogo ne, ya ranƙwafa, hannuwansa kamar saiwar itace. Ya zuba musu shayi mai duhu, ya yanka kek da cuku, ya ce Misis Calvert ce ta aiko. Rhona ta riƙa kallon ɗakin: kujeru biyu a gaban murhu, ɗaya da bargo a ninke, ba alamar ana zama a kanta. Suka bi tambayoyin gobe ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa a taƙaice. Duk lokacin da ta matso kusa da shekara ta shida sai Desmond ya duba agogo ya yi maganar hanya.

Ta fito da littafin ta ajiye a kan tebur. Wilf bai kalle shi ba, ya kalli murhu.

"Mista Raine, kafin ka amsa, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Abin da ka faɗa mini ba zan fita da shi ba sai da yardarka. Amma ba zan iya mantawa da shi ba, kuma ba zan tsaya gobe in faɗi saɓaninsa ba. Kana iya cewa ba za ka amsa ba. Yaushe ka rubuta wannan?"

Desmond ya ajiye kofinsa da ƙarfi. Rhona ta fara fatan Wilf ya ƙi amsawa.

"Bara," ya ce. "Sati biyu bayan takardarsu ta zo. Ke kam, yarinya, da kin yi dillancin tumaki da ba mai sayar miki da gurguwa."

Sauran ya fito a hankali, yana kallon hannuwansa. Wata ɗaya bayan binne Jean, Misis Calvert ta same shi zaune a cikin dusar ƙanƙara a bayan garke, ba riga mai nauyi, bai san sunanta ba. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, ya yi wata bakwai. Maƙwabta suka raba tumakinsa a tsakaninsu. Misis Calvert takan hau kullum ta hura wuta don kada danshi ya ci gidan, ta ciyar da kare, ta duba gwangwanin ta rubuta a bayan ambulan, don ta san zai tambaya in ya dawo. Daga ambulan ɗin nan ya kwafi lambobin. Littafin asali kuwa ya tsaya a Fabrairu, kuma abin da ke shafukansa na ƙarshe bai so ɗan Adam ya gani ba, ya jefa shi a murhu.

Takaici ya kama Rhona, har ta ji kamar ta girgiza shi. Kwanciyar asibiti ba ƙaura ba ce. Kayansa suna nan, karensa yana nan, ya dawo. Da gaskiyar nan aka ba ta tun farko, da ta tsaya gaban sufeto da ƙarfin gwiwa. Ta faɗa masa haka, ta kuma faɗa masa zaɓi biyun da suka rage: ko ya faɗi gaskiya gobe, ko ta ajiye aikin.

"A gaban kowa?" ya tambaya.

"Ai duk sun sani, Mista Raine."

"Sun sani. Amma shekara biyar ba wanda ya taɓa sa ni na faɗa."

Ba ta matsa masa ba. A hanyar komawa, da suka iso kwalta, Desmond ya ce allura ta tono garma, yanzu sai ta san inda za ta ajiye ta.

Da safe zauren taron ƙauye ya cika da rigunan ruwa masu ɗiga. Sufeton mace ce mai furfura, mai rubutu a hankali. Wilf ya zo da kwat ɗin da ya yi masa yawa, ya gyaɗa wa Rhona kai sau ɗaya, ta gane. Ta miƙe ta ce akwai gyara a shaidar da aka miƙa. Ya yi rantsuwa, ya faɗi komai, sunan asibitin ma bai ɓoye ba. Maƙwabtan duka suka sunkuyar da kai kamar ana addu'a, Misis Calvert tana murza hularta. Rhona ta ji tausayinsa ya kama ta, har sai da ta tsaya ta sha ruwa kafin tambaya ta gaba.

Attwood bai ɗaga murya ba, bai ko taɓa maganar ciwon ba. Ya tambayi Wilf ko don takardar hukuma ya sake rubutun, ya ce e. Ya tambaye shi ko akwai wani daga cikin taran da ya sake, ya ce babu. Ya tambaye shi ko, ban da littattafan, akwai wata takarda da ta nuna shi da Jean suna kwana a ɗakin a shekara biyun farko. Babu. Ya gode masa ya zauna.

A hutun rana Attwood ya same ta wajen tukunyar shayi, yana ɓare biskit. Ya ce ta yi abin da ya dace, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ne ma abin haushin.

"Ni fa ban buɗe littattafan ba," ya ce. "Jiya aka kawo mini su, na ƙirga na ga goma, na ce wa mutanena su shirya shan kaye. Wa zai zauna karanta ruwan saman shekara goma?"

Ta yi masa murmushin da aikin ya koya mata, ta fita ta tsaya a ƙarƙashin rumfa har aka koma.

Hukuncin ya zo bayan sati bakwai, shafi goma sha ɗaya. Sufeto ta yarda cewa zaman asibiti bai yanke zaman gida ba, ta ma yaba wa Wilf da ya gyara shaidarsa. Amma ta ce mutumin da ya sake littafi ɗaya don ya gamsar da hukuma, ba za ta iya jingina da sauran littattafansa su kaɗai ba, kuma takardun maƙwabta an tsara su ne don su rufe wani abu, nauyinsu ya ragu. Shekara biyun farko ba su tabbata ba. An ba shi wata goma sha biyu ya tashi. Rhona ta karanta sau uku tana neman kuskuren doka da za ta kai babbar kotu, ba ta samu ba. Sufeton ta iya aikinta.

Desmond ne ya kamata ya sanar da Wilf, amma ta ce a haɗa da ita a wayar. Aka kira gidan Calvert, aka jira har aka je aka zo da shi daga garke. Ya saurara bai katse ta ba, tana jin numfashinsa da haushin kare a nesa.

"Tambaya ɗaya, yarinya," ya ce. "Da ba ki tambaye ni ba ranar nan, da yaya?"

Tana da amsoshi masu kyau a baki: ba wanda ya san gaibu, sufeto ma tana da ido, rantsuwar ƙarya ba wasa ba ce. Duk gaskiya ne. Amma ba su ya tambaya ba.

"Ina jin da ka ci shari'ar," ta ce.

Desmond ya fara wata magana, ya fasa.

"To," in ji Wilf. "Wata goma sha biyun nan, daga yau ake ƙirgawa ko daga ranar da ta sa hannu? Ina so in san ko zan sa rago a garke don barbara bana."