Jikan Baba Yana Allon Hagu

Da Auta ta dawo daga aiki ta tarar da Yaya zaune gaban kwamfutar falo yana murmushin wanda ya yi abin kirki, sai ta san akwai magana.

"Na gyara miki ita," ya ce.

"Me ta yi da ka gyara ta?"

Ba ta yi komai ba. Auta ce ta ɗora mata manhajar nan ta kowa da kowa, wadda duk mai so zai buɗe cikinta ya duba, kuma tun lokacin ko tari ba ta taɓa yi ba. Amma yau Anti, babbar yayarsu, za ta kira daga asibiti a can inda take aure, ta nuna musu ɗan da ta haifa. Idon Baba ya yi rauni, ko an kai masa waya har hanci inuwa kawai yake gani. A babban allon nan kaɗai zai iya ganin jikansa na fari. Shi ne Yaya ya ga ya kamata hoto ya fito tar, ya sauko da direban kamfanin da ya ƙera katin hoton, wato 'yar manhajar da ke faɗa wa allo abin da zai nuna, irin wadda kamfani ke rufewa ruf, ba mai leƙa cikinta.

Hoto kam ya fito tar: dutse da tafki, hoton bangon allo. Bayan shi babu komai. Auta ta motsa linzamin kwamfutar. Kibiyar da ke kan allo ta tafi hagu, ta isa bakin allo, maimakon ta tsaya sai ta fice abinta ba ko sallama.

Nan Auta ta gane. Sabon direban ya yanke hukuncin cewa allo biyu ne a gidan, ɗaya a hagun wannan, kuma shi ne babba. Duk abin da aka buɗe can yake tafiya, har da tagar da ake shiga a faɗa wa kwamfuta cewa babu wani allo a can. A hagun tebur kuwa firji ne.

Kafin ta buɗe baki kira ya shigo. Ta danna maɓallin amsawa da ka, muryar Anti ta cika falon, da wani ɗan siririn kuka a bayanta.

"Ina angon nawa?" in ji Mama, ta fito daga kicin tana goge hannu. "Ni dutse nake gani."

"Yana allon hagu, Mama."

Baba bai tsaya gardama ba. Ya ja kujerarsa, ya gyara tabarau, ya fuskanci inda aka ce.

"Auta," in ji Anti, don ita tana ganinsu sarai, "me ya sa Baba ke gaida firji?"

Auta ta san maganin abin: a cire direban, a kashe kwamfuta a kunna. Amma Anti ta ce nas na hanya za ta ɗauke yaron a duba shi, kuma in kiran nan ya yanke ba ta san yaushe za ta sake samun layi ba. Auta ta dubi Baba. Ya sa rigarsa ta zuwa biki saboda wannan kiran.

"Ai abu mai sauƙi ne," Yaya ya ce. Ya kama allon ya tura shi hagu, wai ya riske ɗan'uwansa. Ya ƙara turawa. Sai da wayar wutar allon ta miƙe sambal, allon ya jingina da firji.

"Injiniya," Baba ya ce, "in ka matsa, shi ma matsawa yake. Kai kaɗai ne ba ka lura ba."

Auta ta danne maɓallin da ake kama taga da shi, ta tura kibiya cikin allon da babu, tana lalube kamar mai neman allura a ƙarƙashin gado. Ta kama wani abu ta jawo. Wata jar motar tsere ta wasan kwamfuta ta shigo saman tafkin tana hayaƙi.

"Au," in ji Mama. "Ashe don jinjiri aka yi gyaran?"

Yaya ya shiga duba farcensa.

Ta mayar da motar, ta sake lalube. Na'urar lissafi ta fito. Ta sake. Sai ga gefen wata taga ya leƙo, da farin labulen asibiti a ciki. Ta ƙara ja, allo ya yi baƙi ƙirin. Ta mayar baya, hoto ya dawo. Ta sake gwadawa a hankali, haka dai. Direban ya yarda taga ta leƙo faɗin yatsu huɗu, amma ba fiye ba.

"Ga nas nan a gadon kusa da ni," Anti ta ce ƙasa-ƙasa.

Auta ba mai ɗaga murya ba ce, ko a waya sai an ce ta maimaita. Amma sai ta ji kanta tana ba da umarni.

"Anti, ajiye wayar ta tsaya. Ɗauko shi, ki kai shi gefen da labule yake. Wancan gefen. Yauwa. Yanzu ki wuce da shi a hankali, kamar kina zura zare."

Ta juyo da kujerar Baba, ta kawo fuskarsa daf da siririn layin.

Labule ya kau. Wani ɗan kunne ya shigo, girman tafin hannu a babban allon, kowane lanƙwasa nasa a fili. Ya wuce. Kumatu ya biyo, sai ido ɗaya a rufe gam, da gira kamar an ja ta da fensir.

Firji na ta gurnani a gefe.

Sai hanci, sai ɗaya idon, wanda ya buɗe ya harari falon duka. Sai ɗaya kunnen, sai hannun rigar nas, ta zo ta karɓe shi.

"Malama nas," Baba ya ce, yana goge tabarau da bakin riga, "don Allah a sake wucewa da shi sau ɗaya. Hancin ya yi mini sauri."

Hannun rigar ya tsaya jim. Sannan ya ja baya, kunnen ya sake shigowa.