Inda Maganata Take Zaune

Da warin roba abin ya fara. Ina zaune a falo ina ninke kayan wanki sai na ji kamar an jefa tsohon silifa a wuta. Na duba kicin, na duba soket, na shinshina bayan talabijin, babu komai. Na leƙa ta taga na wanke maƙwabta tas, na ce wasu ba su da aiki sai ƙona shara a ƙofar mutane.

Maigidana yana gefe yana gyaran wani agogo, sana'arsa ke nan tun kafin ya aure ni. Bai ko ɗago ba ya ce, "Rediyo, ba abin da ke ƙonewa."

Rediyo yake ce mini. Shi mutum ne da maganarsa ta wuni guda ba za ta cika cokali ba, ni kuwa Allah ya hore mini baki, kuma ban taɓa yin rowarsa ba. A layinmu in aka yi sabon abu ban ji ba, to ba a gama yinsa ba ne.

Warin ya riƙa zuwa yana tafiya, ni kaɗai nake jinsa, har ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin famfo. Autata ta kai ni asibiti, aka zura ni cikin wata na'ura mai kama da bututu aka ɗauki hoton kaina. Likitan ƙwaƙwalwar yaro ne, bai wuce sa'an ɗana ba, sai dai sanƙo ya riga ya cinye masa kai. Ya nuna mana wani ƙari kamar ƙwan tattabara a ɓangaren hagu.

Ya ce, "Inna, ga mai ƙona robar nan. Ba hancinki ne ya jiyo ba, ƙwaƙwalwar ce take ƙago shi."

"Wato ƙarya nake yi?"

"A'a. Da gaske kin ji. Amma babu shi."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ni da duk jarina a duniya shi ne "da idona na gani, da kunnena na ji".

Sai ya zo kan babbar. Ya ce ƙarin katanga ɗaya suke da inda magana take zaune. In ya bar shi, zai girma ya danne ta. In ya yanka ya zarce kaɗan, zan farka ina gane kowa, ina jin komai, amma ba zan ƙara haɗa zance ba. Kuma wurin ba ɗaya ba ne ga kowa, kowane kai da nasa tsarin ɗaki. Don haka za su tashe ni a tsakiyar aiki, kaina a buɗe, in yi ta magana, shi kuma yana taɓa wuri-wuri da ɗan ƙarfe mai 'yar wutar lantarki. Duk inda ya taɓa na yi shiru, nan ba zai sa wuƙa ba.

"Za ki iya magana ba tsayawa, Inna?"

Maigidana ya ce, "Likita, wannan ba sai kun roƙe ta ba."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma a mota na riƙa taɓa harshena da yatsa. Ban ji tsoron mutuwa sosai ba, wannan kowa na kan layi. Abin da ya tsorata ni shi ne in zauna kamar kujera a falo, labari ya shigo ta kunne ya rasa ƙofar fita.

Ranar aikin na farka na ji kaina a maƙale cikin ƙarfe, ko motsi ba ya yi. An yi mini rumfa da koren ƙyalle, ba na ganin likita, muryarsa kawai nake ji ta bayana. Zafi babu. Ashe ƙwaƙwalwar da ke sanar da mutum ciwon ɗan yatsa ita ba ta jin nata. A gabana wata yarinya ce zaune, malamar magana, riƙe da hotuna.

"Inna, mene ne wannan?"

"Kofi."

"Wannan fa?"

"Akuya. Ramammiya kuwa, mai ita ba ya tsoron Allah."

Muna cikin haka na ji an shafa mini leɓe. Na ce wa ya taɓa ni? Yarinyar ta nuna mini hannayenta, duk biyun suna kan hotuna. Likita ya ce shi ne, daga sama. Can kuma sai na ji ƙarar keken ɗinkin mahaifiyata, tar-tar-tar, har da ɗan tsayawar da yake yi in zare ya harɗe. Matar da ta rasu tun ina goyon fari! Ya ɗauke ƙarfen, keken ya yi shiru. Na so in ce ya mayar, kunya ta hana ni.

Da hotuna suka ƙare aka fara yankan, likita ya ce in kawo kowane zance na ga dama, kada dai in tsaya. Na ce to, ku gyara tsayuwa.

Na ba su labarin matar marigayi hedimasta, wadda ƙofarta ke kallon tagarmu. Mace mai kamun kai, ko dariya sai ta rufe baki. Sai ga mai gyaran firji, shi ma gwauro, ya fara zuwa gidanta da akwatin kayan aikinsa. Yau ya zo, jibi ya zo. Rigarsa a goge, ga turare, wa ya taɓa ganin mai gyara da turare? In an tambaye ta sai ta ce firjin ne ya ƙi sanyi.

Har mai ba da allurar barci sai da ya matso.

Na ce, "To abin da mutanen layi ba su sani ba, ni kaɗai na sani, shi ne firjin nan…"

Shi ke nan. Maganar ta tsaya.

Ba mantuwa na yi ba. Ina ganin abin da zan faɗa sarai, kamar kaya a shago ta bayan gilashi, amma an kulle ƙofar. Bakina a buɗe, harshena lafiya lau, ni ma ina nan, ina ma jin haushi. To in ina nan, maganar kuma tana can, wace ce ni ɗin? Duk rayuwata na ɗauka ni da bakina abu ɗaya ne.

Na ji likita ya ce, "Nan ne. A sa alama." Ya ɗauke ƙarfen, numfashi ya dawo mini da kalmomi a ciki. Amma kafin in koma kan firji suka mayar da ni kan kofi da akuya, daga nan kuma barci ya ɗauke ni.

Da na farka a ɗakin jinya autata ta ce, "Mama, sannu. Kin gane ni?" Na buɗe baki in ce ina zan kasa gane wannan goshin, sai iska kawai ta fito.

Likita ya ce kumburi ne, ya cire ƙarin bai taɓa wurin da ya yi wa alama ba, yawanci maganar takan dawo. Na lura da "yawanci" ɗin nan. Mai gulma ta san kalmar da ake ɓoye abu a bayanta.

Kwanaki suka yi ta wucewa. 'Yan dubiya su zo su yi mini magana da ƙarfi kamar kurma, wasu su yi zancena a gabana kamar na riga na tafi. Malamar magana ta zo da hotunanta, in kalli akuyar nan, na san ta, na san ramarta, sunanta ya ƙi zuwa. Ga labarai a ɗakin kamar a kwashe da kwando: wadda ke gadon kusa da ni mijinta na zuwa da safe, da yamma kuma wani ya zo wai ɗan'uwanta ne. Suka taru a cikina ba mafita.

Maigidana kullum yana kujerar gefen gado. Ga shirun da ya yi shekara da shekaru yana roƙo ya samu, amma sai juya hularsa yake yi a hannu. Wata rana da hantsi ya yi gyaran murya.

"Rediyo, bari in ba ki labarin layi."

Na kalle shi. Mutumin da bai san sunan maƙwabcinmu na hagu ba!

"Matar hedimasta dai," in ji shi, "mai gyaran nan yana ta zuwa. Mai gyaran fanka."

Na girgiza kai.

"Eh, fanka. Wani gajere mai gemu. An ce fankar ce take ƙara."

Mai gyaran nan dogo ne, ba shi da ko gashi ɗaya a haɓa. A ce labarin da na yi wata da watanni ina haɗawa ta taga, a zo a yi masa wannan wulaƙanci a gabana? Na damƙi zanin gado. Ƙofar nan ta gilashi tana nan a kulle, na jingina da ita da duk ƙarfina.

"Fankar ma an ce sabuwa ce, ɗanta ne ya…"

"Fir… firji!"

Hular ta daina juyawa.

"Firji," na sake cewa. Muryar kamar ta wata tsohuwar da ban sani ba. "Ta… sayar. Bara."

"Ta sayar da firjin tun bara?"

Na ɗaga kai. Da idona na ga an ɗora shi a mota, ko da yake yanzu in na ce da idona, nakan ɗan yi jim.

"To me yake gyarawa?" in ji shi. Ya juya wajen taga yana goge ido da hular, wai ƙura ce. A ɗakin da ake gogewa safe da yamma.

Maganar ba ta dawo a rana ɗaya ba. Da rarrafe ta zo, har yanzu in na gaji wata kalmar takan tsaya a bakin ƙofa sai na lallashe ta. Warin roba ya tafi. Keken ɗinkin ma bai ƙara dawowa ba, amma na san yana ciki, a wani lungu, zarensa a harɗe, yana jiran a taɓa.

Da likita ya zo sallamata, sai da ya gama duba ɗinkin ya rage murya ya ce, "Inna, mutanen ɗakin tiyata sun aiko ni. Wai firjin nan fa?" Na sa shi ya ja kujera.

Shi kuwa tsohon nawa, daga baya autata ta gaya mini cewa shi da kansa ya taimaka aka ɗora firjin a mota ranar da aka sayar. Na tambaye shi, to fanka daga ina? Gajere mai gemu daga ina? Ya manna gilashinsa na gyara a ido, ya sunkuya kan agogo.

Ya ce, "Rediyo, rage murya. Ina aiki."