Dashen Bakin Katanga

Tun da mahaifinsu ya rasu, Yaya da Auta suka raba wurin rainon itatuwansa gida biyu: ita ta ɗauki layukan bakin ƙofa, shi na bakin katanga. Ƙasa ɗaya suke zubawa a leda, irin lemo ɗaya, ruwan rijiya ɗaya. Amma bana nasa sun zabga tsayi, ganye shar kamar an shafa musu mai, nata kuwa sun tsaya a guiwa sun ƙi gaba.

Yaya ta sa masa ido. Ta shiga sito ta ɗaga buhun takin zamani, ta tarar bakinsa a ɗinke yadda suka bar shi. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Wato a waje yake sayowa ke nan. Idan Auta ya sunkuya kan leda, sai ta bi hannunsa da kallo. Idan ya yi mata sannu da aiki, sai ta ji kamar da biyu ya yi.

Wata safiya wani mai lambu da ya sayi dashensu ya dawo da na Auta a bayan mota, sun yi yaushi, wasu sun kwanta.

"Na Hajiya duk sun kama," in ji shi, yana nuna Yaya. "Naka ko, rana ɗaya ta buga su suka sheƙa barzahu."

Yana tafiya Auta ya juyo, idonsa ja.

"Yaya, me kike yi wa dashena in na fita?"

"Ni? Kai zan tambaya me kake ɗura musu a ɓoye!"

"Wallahi ko cokali ban zuba ba. Ni na zaci ke kike datse musu saiwa."

Ta fizgo leda ɗaya daga layinsa ta yage. Kara dogo, saiwa kuwa 'yan zare-zare, ko tafin hannu ba su cika ba. Ta yage nata: saiwa ta naɗe ƙasar tam, fara tas, har ta huda gindin ledar. Ba baƙon abu ba ne gare su. Dashen da abinci ya yi wa yawa ba ya wahalar nema, sai ya tura ƙarfinsa sama. Wanda ya samu daidai shi ke zurfafa saiwa. Tambayar ita ce wa ya ciyar da na Auta.

Yaya ta dumtsi ƙasar ta kai hanci, ta yamutse fuska.

"Kashin kaji."

Suka janye ledojin ƙarshe. A gindin katangar akwai rami, baƙin ruwa na tsattsafowa daga gidan kajin maƙwabcinsu, mutumin da tun ranar zaman makoki yake tambaya ko za su sayar da filin.

Auta ya leƙa ta kan katanga ya yi masa magana. Mai kaji ya riƙe baki.

"Ashsha! Ɓeraye ne, Alhaji. Sun addabe mu."

Yaya ta durƙusa ta zura yatsa cikin ramin. Gefensa sumul yake, kamar aikin kurfin magina.

"Ɓeran nan naku ya iya gini," ta ce.

Da rana suka toshe shi da siminti, suka kwashe dashen zuwa bakin ƙofa. Auta na jera leda, ita tana zaune kan bokiti, fuskarta na kallon katangar.